Jitar bes mai sunan makaɗi a kasuwar hannu: amsa ga mai tambaya daga Jidda

Wani ɗan'uwa mazaunin Jidda, mai kaɗa bes, wato jita mai kaurin sauti, a ƙungiyar kiɗan biki, ya ga talla a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet a Saudiyya. Fender Jazz Bass ce samfurin Marcus Miller, shahararren makaɗin bes, an ce ƙirar Japan, mai ita yana Riyad, ya sa mata riyal 4,500 har da akwatinta. Yana son sanin yadda zai gane ta gaske ce, abin da zai duba kafin ya ba da kuɗi, da kuma ko sunan da ke jikinta ya isa a yi mata wannan farashi.

Ƙanena, abu biyu za ka biya wa kuɗi a wannan ciniki: lafiyar wuyan jitar, da kayan asali da suka sa aka raɗa mata sunan mutumin. Idan wuya ya lalace, babu sunan da zai cece ta. Idan kuma an kwashe kayan asalin an maye da wasu, ta koma Jazz Bass kamar kowace, sai a yi mata kuɗin kowace.

Sa hannun da ke kan jitar bugun kamfani ne. Marcus Miller bai riƙe ta ba, bai ma san da ita ba. Abin da ake yi shi ne kamfani ya ɗauki jitar da makaɗi ya shahara da ita, ya kwaikwayi ƙirarta da gyare-gyaren da ya yi mata, ya fitar da dubbai. Ta Marcus an kwaikwayo ta ne daga Jazz Bass ɗinsa ta 1977, wadda maƙerin jita Roger Sadowsky ya saka wa firi-am a ciki, wato 'yar na'ura mai batir da ke ƙarfafa sauti da daidaita shi. Ta Geddy Lee daga tasa ta 1972. Haka Yamaha ta yi wa Nathan East da BBNE2, ta yi wa Billy Sheehan da Attitude. Saboda haka duk mai sayarwar da ya ce maka "ba ta da yawa a duniya", ka tambaye shi guda nawa aka yi. Galibi shiru za ka ji.

Akwai wani rikici da ya shafi wannan suna musamman. "Marcus Miller" iri biyu ne a kasuwa. Fender ta fara fitar da tata a 1998 daga Japan, daga baya aka mayar da ƙirar mai tsirkiya huɗu Meziko, mai tsirkiya biyar kuwa a Amurka ake yin ta. Bayan Marcus ya rabu da Fender ya koma kamfanin Sire, masu yin V3 da V7 da sauransu a Indonesiya, kuma sabuwar Sire ta fi tsohuwar Fender ɗin araha nesa ba kusa ba. A Haraj za ka ga an rubuta "Marcus Miller Jazz Bass" a kan dukansu biyu. Kafin wata magana, ka ce ya turo maka hoton kan jitar gaba da baya, da haske mai kyau.

In ta tabbata Fender ce, ga alamomin wannan samfuri. Fuskar wuyan farin katakon mafil ne, da manyan alamomi masu kusurwa huɗu, da farin layi da ya bi gefen wuyan. Firet 20, wato siraran ƙarafan da aka jera a fuskar wuyan. A baya, farantin da ya haɗa wuya da jiki sukuru uku gare shi ba huɗu ba, kuma akwai ɗan rami a jikinsa na daidaita kwanciyar wuya. Notin ƙarfen cikin wuya, wato tiros-rod, yana can sama wajen kai, ya leƙo kamar harsashi. Jakin da tsirkiyoyi ke hawa a ƙasa Badass II ne, sunan a rubuce a jikinsa. Akwai ɗan makunni na sauyawa tsakanin aiki da batir da aiki ba batir. Sai wani awo da masu jabu suka cika mantawa da shi: tazarar fikof biyu, wato na'urorin maganaɗisu da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi suna ɗaukar sauti. A ƙirar shekarun 1970, daga tsakiyar na gaba zuwa tsakiyar na baya inci 4 ne, kimanin santimita 10, alhali a sauran Jazz Bass inci 3.6 ne, santimita 9 da ɗoriya. Ka ce ya ɗora rula ya ɗauki hoto. Mai gaskiya minti biyu zai yi ya turo.

Lambar jiki tana taimakawa, amma kada ka jingina da ita ita kaɗai. Ta Japan yawanci tana bayan wuya, ƙasa, kusa da inda ya shiga jiki, tare da rubutun "Made in Japan" ko "Crafted in Japan". Ta Meziko daga 2010 tana farawa da MX sai lambobi biyu na shekara, wato MX13 ƙirar 2013 ce. Ta Amurka a wannan zamanin tana farawa da US. Fender na da shafin duba lamba, sai dai ba dukkan tsofaffin lambobin Japan ke ciki ba, don haka rashin fitowarta ba hujja ba ce. Abin da ya fi amfani shi ne ka rubuta lambar a Google. Idan ta fito a hoton wata jita a Jamus ko Amurka, to ko lambar aka kwafa, ko hoton aka sato.

Yanzu wuya, inda ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka. Tsirkiyoyi huɗu masu kaurin da aka saba, wato lamba 45 zuwa 105, suna jan wuyan da ƙarfin da ya haura kilo 70, dare da rana, shekara da shekaru. Ƙarfen da ke ciki ne ke tokare wannan ja. Jitar da ta kai shekara goma sha biyar ko ashirin, abin da zai fara gajiya ke nan, kuma hoto ba ya nuna shi.

Ka tafi da kafo, wato ɗan maƙalin da ke danne tsirkiyoyi a kan firet, da na'urar saita sauti, da rular ƙarfe mai milimita, da alanki, wato ɗan ƙarfen juya noti mai baki shida, kashi biyu, na inci da na milimita. Ka fara saita tsirkiyoyin su hau daidai, E, A, D, G, daga mai kauri zuwa siririya, don awo a kan sakakkiyar tsirkiya ƙarya ne. Ka maƙala kafo a firet na 1, ka danne tsirkiyar E a firet na ƙarshe, sannan ka leƙa tazarar da ke tsakanin tsirkiyar da saman firet na 8. Abin da ake so kimanin milimita 0.3 ne zuwa 0.35, kaurin katin kasuwanci guda. Idan tazarar ta kai milimita ɗaya, wuyan ya lanƙwasa da yawa. Idan babu tazara sam, tsirkiya na kwance a kan ƙarfe, to ya miƙe sarai ko ya juya baya. Duk biyun ana gyarawa matuƙar tiros-rod na aiki, kuma abin da ka je gani ke nan.

Ka nemi izinin mai ita, ka sa alankin da ya shiga ya zauna daram. Wanda ya yi masa ɗan yawa kada ka matsa da shi, domin haka ake cinye bakin noti. Ka fara sassautawa, wato hagu, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, sannan ka mayar dama inda yake, ka ɗan ƙara kaɗan. Ya kamata ya juya da ɗan tauri, kuma tazarar nan ta ragu. Idan ya ƙi motsi ta dama alhali wuyan na lanƙwashe, an riga an ƙure shi. Idan yana juyawa sakwa-sakwa ba abin da ya canza, ya karye ko ya kwance daga gindinsa. Idan bakin notin ya zama kewaye, alanki na zamewa, wani ya sha fama da shi, ka tambayi kanka dalili. Notin harsashi ana iya cire shi a sa sabo, wani lokaci a ƙara masa zoben wasa ɗaya ko biyu a ƙarƙashi a samu ɗan sarari, amma karyayyen ƙarfe sai dai sabon wuya, kuma daga ranar da aka sa mata wani wuya ta daina zama abin da ka zo saye. Mai jitar da ya ce kada a taɓa wurin nan ko da a gaban mai gyara, ka yi masa godiya ka tashi.

Ka sake wannan awo a ɓangaren tsirkiyar G. Idan gefe ɗaya na da tazara sosai ɗayan kuma babu, wuyan ya murɗe, kuma tiros-rod ba ya maganin murɗa. Ka kuma ɗaga jitar ka hanga daga kai zuwa gindi kamar mai duba miƙewar katako, firet ɗin su jeru kamar matakala, kada wasu su karkace.

Sai tsayin tsirkiya. Ba tare da kafo ba, a firet na 17, daga saman ƙarfe zuwa ƙasan tsirkiya, E ta kasance wajen milimita 2.4, G wajen 2. Masu sayarwa sun san cewa ɗaga tsirkiya na ɓoye karkarwa, don haka idan ka tarar da ita milimita 4, ka ce a sauke a gabanka. Bayan an sauke, ka bi kowace tsirkiya firet bayan firet har ƙarshe. Karkarwa a firet na 1 zuwa na 5 alamar wuya ya miƙe da yawa ne, ƙaramin abu. Karkarwa daga na 14 zuwa sama, ko sauti ya shaƙe a can, alamar ƙarshen wuyan ya ɗago ne inda ya hau jiki, ciwon da tsofaffin Fender suka saba da shi. Gyaransa goge firet ne, in ya yi tsanani a cire su a goge katakon, aiki ne mai tsada. Akasin haka ma matsala ne: ƙafafun jaki sun sauka har ƙasa amma tsirkiya na sama. Wannan kwanciyar wuya ce ta ɓaci, kuma a wannan samfuri ɗan ramin nan na baya ne ke daidaita ta.

Tunda sukuru uku ne, ka dubi tazarar E da G daga gefen wuya a firet na ƙarshe. Ya kamata su yi kusan daidai. Idan G na neman zamewa waje, wuyan ya goce a cikin mazauninsa. Ka kama kan ka ɗan girgiza a hankali, idan ka ji ƙas, ko sauti ya sauka, ramukan sukuru sun buɗe.

Wani abu kada ya tsorata ka. A kusan kowace bes mai tsawon tsirkiya inci 34 irin ta Fender, akwai wuri a tsirkiyar G tsakanin firet na 5 da na 7 inda sauti ke saurin mutuwa. Halin ƙirar ne. Ka dai saurara ko ya yi muni har ba za ka iya zama da shi ba.

Masu sayen wannan samfuri yawancinsu masu bugu da babban yatsa ne da fizgar tsirkiya, salon da aka san Marcus da shi, kuma da tsirkiyar ƙarfe mai kaifi suke yi. Don haka ka ja tsirkiyoyin gefe ka dubi firet biyu na ƙarshe da kuma biyar na farko. Ɗan shafewa ba komai. Rami mai zurfi da farce ke maƙalewa a ciki na nufin aiki na jiranka. Ka kuma ɗora gefen katin banki a kan firet uku-uku, in ya yi lilo, na tsakiya ya ɗara 'yan'uwansa tsayi. Canjin firet a wuya irin wannan, mai farin layi a gefe da fenti a fuska, ya fi na sauran wahala, kuma masu yin sa da kyau a ƙasar nan ba su da yawa. Ka tambayi kuɗin aikin a Jidda tun kafin ka taya.

Batun Riyad da Jidda ba ƙarami ba ne. Katakon jita na son danshin iska tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. Riyad a lokacin zafi tana sauka ƙasa da kashi 20, ga na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara busar da iska. Katako na tsukewa, ƙarfe ba ya tsukewa, sai bakin firet ya leƙo ta gefe yana kartar hannu, wani lokaci ya tsaga farin layin nan. Ka shafa tafin hannunka a gefen wuya sama da ƙasa. In karta ce kawai, tana iya raguwa da kanta idan jitar ta sha danshin Jidda, sauran a goge da ƙaramar zarto. Tsagewar da za ka ji tsoro ita ce ta bayan wuya kusa da kai, da wadda ta bi baƙin layin da ke bayan wuya. Siraran tsaga a fenti a kusurwar da wuya ya shiga jiki kuwa kusan kowace tsohuwar Fender na da su. Jitar da ta zauna Jidda ko Dammam ciwonta daban: tsatsa a sukuru da maganaɗisun fikof, kore-kore a firet, da makunnai masu ƙara. Ka tambaye shi inda ta yi zamanta, kuma ko ta taɓa wuni a but ɗin mota. Zafin mota a watan Yuli na sassauta gam.

Lantarki ya fi sauƙin gyara, amma a nan ake yawan yin musanya. Ka je da kebul ɗinka da sabon batir mai bolt 9. Ka fara gwadawa ba batir. Ka buɗe fikof ɗaya ka rufe ɗaya, ka ƙwanƙwasa maganaɗisunsa da bakin sukundireba, ka ji ƙas-ƙas a amfilifaya, sannan ka juya. Fikof guda shi kaɗai zai yi ɗan gunji, haka Jazz Bass take, kuma gunjin ya ɓace idan ka buɗe biyun gaba ɗaya. In bai ɓace ba, an canza ɗaya ko an juya waya. Idan ka taɓa tsirkiya ƙara ba ta ragu ba, wayar da ke ƙarƙashin jaki ta rabu. In kana da mitar awon lantarki, ka auna a bakin kebul: fikof guda zai nuna tsakanin om 6,000 da 9,000, wanda ya tsinke kuwa lambar za ta haura 100,000. Sai ka kunna ɓangaren batir, ka murɗa makunnan bes da tirebul, wato na kaurin sauti da na kaifinsa, daga farko zuwa ƙarshe. Sauti mai tsatstsagewa galibi batir ne ya yi sanyi, shi ya sa ka zo da naka. Idan da sabon batir ma haka ne, firi-am ɗin ne. Ka buɗe mazaunin batir ka duba farin gari ko kore, alamar wani ya taɓa fashewa a ciki. Irin waɗannan jitoci suna shan batir muddin kebul na soke, ko ana kiɗa ko ba a yi, kuma masu barin ta a jingine wata da watanni su ne ke jawo wannan.

Ka roƙe shi ya buɗe murfin makunnai. Dalmar kamfani tsaf take, ƙanana, masu sheƙi. Dunƙulen dalma da salatif na nufin hannu ya shiga. Da yawa daga masu wannan jita suna cire firi-am na asali su sa na Sadowsky ko na John East, kuma a kunne sau da yawa ya fi na asalin daɗi. Ni ba na ɗaukar wannan a matsayin aibi, amma sharaɗi biyu: ya haɗo maka da na asalin a leda, kuma ba a fafe katako ko an huda sabon rami ba. Haka jakin Badass II, in an cire shi an sa wani mai araha, ka rage kuɗi, domin na asalin kansa kaya ne mai daraja a kasuwa. Murfin ƙarfen da ke kan fikof na gaba ma kusan kowa na cirewa, ka tambaya ko yana nan.

Ka rataya ta ka tsaya da ita minti goma. Jikin katakon ash wani lokaci nauyi gare shi, kuma abin da ya haura kilo 4.5 kafaɗarka za ta gaya maka a biki mai awa uku.

Farashi kuwa kada ka auna shi da abin da wasu ke nema, ka auna da abin da aka sayar. A Reverb, shafin cinikin kayan kiɗa na intanet, akwai jerin waɗanda aka riga aka sayar. Ka ɗauki biyar na ƙarshe masu ƙasar ƙira ɗaya da yanayi ɗaya, ka ninka dala da 3.75, tunda haka riyal yake a ɗaure, ka ƙara kuɗin jigila da harajin kashi 15 cikin ɗari da za ka biya in daga waje ka yo oda. Abin da ya fito shi ne rufin da ba za ka haura ba. Daga nan ka riƙa cirewa: sababbin tsirkiyoyi, kuɗin saiti, gogar firet in ana buƙata, duk wani kayan asali da babu. Ta Japan ta fi ta Meziko daraja wajen masu saye, don haka kada a sayar maka da MX a kuɗin Japan. Idan ka je tayi, ka faɗi dalilin kowane ragi da awon da ka yi. Mai kaya ya fi saurin sallamawa ga wanda ya nuna masa ramin firet da farce a kan wanda ya ce "yi mini ragi don Allah" kawai.

Tsakanin Jidda da Riyad kusan kilomita 950 ne, na san abin da zai zo maka a rai shi ne a turo kawai. Kada ka yi cinikin biri a sama. Wanda ya ce ka tura arabun, wato kafin alƙalami, don ya riƙe maka saboda wai akwai mai zuwa da yamma, ka bar wa mai zuwan. In ba za ka iya tafiya ba, ka wakilta wani mai kaɗa bes a can, ko ku haɗu a shagon mai gyara ka biya kuɗin dubawa, kana kallo ta bidiyo, ana kaɗa kowane firet kana ji. Ka nemi fatura, wato rasit, ta asali in akwai. In babu, ya rubuta maka saƙo mai ɗauke da lambar jitar da farashi da cewa tasa ce, ka kuma biya ta banki zuwa asusun da ke da sunansa, saboda kayan kiɗan sata ma a irin wuraren nan suke fitowa. In ya haɗa maka da amfilifaya, ka karanta bayanta, wadda aka kawo daga Amurka ta bolt 120 ce, wutar nan kuwa 230.

Wajen kawo ta, akwati mai tauri, a cusa tsumma a ƙarƙashin kai don kada ya yi motsi, a ɗan sassauta tsirkiyoyi, a cire batir. In ta iso, ka bar akwatin a rufe na 'yan awoyi kafin ka buɗe a ɗaki mai sanyi. Kada ka kai ta saiti a ranar. Ka ba ta mako biyu ta saba da iskar Jidda, domin wuyan zai motsa, kuma saitin da aka yi kafin nan sai an sake.

Ra'ayina a kan wannan talla: idan tiros-rod na juyawa ta ɓangarori biyu, wuya bai murɗe ba, jaki da fikof na asali ne, kuma lissafin Reverb bai yi ƙasa da abin da ya nema ba, ka saya, domin an daina yin ta kuma farashin irinta bai cika faɗuwa ba. Idan wuyan na da ko da ɗaya daga cikin manyan cututtukan nan, ka haƙura ko da ya sauko rabin kuɗi. Sannan ka dubi aikinka. Ƙungiyoyin biki da mai kibod ke ja suna yawan sauka ƙasa da E, kuma tsirkiya huɗu ba ta kai can sai an sassauta. In haka ne, sabuwar Sire V7 mai tsirkiya biyar, da garantinta, za ta fi yi maka aiki, ka kuma rage canji. Ita batir biyu take ci, bolt 18, sai ka riƙa ajiye biyu a aljihun akwati.